Layin da Yaya Ya Haddace

Aikina neman abin da ba a taɓa gani ba ne, kuma har yau ɗin nan ba mu gan shi ba. In na faɗa wa mutanen Safana haka sai su kwashe da dariya, su ce 'yar mahauta ta iya zolaya. Wallahi ba zolaya ba ce. Can a Turai akwai wani rami zagayayye da aka haƙa a ƙarƙashin ƙasa, wanda sai da mota ake iya zaga shi. A cikinsa ake koro wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira furoton, wasu ta dama wasu ta hagu, da gudun da ya kusa kamo na haske, a gwara su. Mu kuma mu zauna gaban kwamfuta muna duba tarkacen da ya watse.

Tun kafin a haife ni wasu masana suka yi lissafi, suka ce kowace ƙwaya da muka sani a duniyar nan tana da abokiyar tagwaitaka, mai nauyi, wadda ba ta taɓa nuna kanta ba. Sunan wannan tunanin sufasimetiri. Lissafin yana da kyau ƙwarai, kyansa ne ya ja ni tun ina jami'a. Aka ce in gwaren ya yi ƙarfi za a iya samar da tagwayen, su rushe nan take, ta ƙarshensu ta sulale ta cikin na'urar ba tare da ta taɓa komai ba. To ta yaya za a san ta wuce? Ta giɓin da ta bari. In abu biyu suka yi karo gaba da gaba, tarkacen da ya yi gabas dole nauyinsa ya zo daidai da wanda ya yi yamma, kamar mangalar jaki. In ka ga gefe ɗaya ya rinjaya, ɗayan wayam, to wani abu ya bi ta nan ba ka gan shi ba. Sai dai akwai wata sananniyar ƙwaya da ita ma haka take sulalewa, ga na'ura kuma takan yi kuskure. Don haka rabin aikin ƙirga giɓin da ba na tagwayen ba ne.

A duk gidanmu mutum ɗaya ne ya taɓa zama ya saurari wannan bayani har ƙarshe, yayana wanda nake bi. Mahauci ne kamar babanmu, Allah ya ji ƙansa. Mu asalinmu mutanen Tsaskiya ne, muka dawo cikin Safana da daji ya fara lalacewa. Ranar da na yi masa bayanin yana wasa wuƙa ne a zaure. Ya ɗago ya ce, "Af, ashe ke ma awo kike yi. Ni in na yanka sa na ga cinya uku, ai na san yaran nan sun yi aiki." Daga ranar, duk sanda na kira gida, kafin ma ya tambayi lafiyata sai ya ce, "Auta, an ga tagwayen?" In ce ba a gani ba, Yaya. Ya ce, "To a ƙara wuta."

Shekarar da aka katse layukan waya a yankinmu saboda ɓarayin daji, aka kuma rufe kasuwannin dabbobi, a shekarar ya ɓata. Mahauci dole ya sami abin yanka. Aka ce masa wani mutum a Darini yana da bijimin sayarwa, ya hau babur da safe ya tafi dubawa. An gan shi a Batsari, ya tsaya ya sha fura, ya gaisa da abokan sana'arsa. Mai bijimin ya ce shi bai sa shi a ido ba. Tsakanin nan da nan ne kawai. Ba a tsinci babur ba, ba a tsinci hula ba, ba wanda ya ce ya ji harbi.

Baffanmu, ƙanen babanmu, sai da ya shiga mota har Katsina kafin ya sami sabis ya kira ni. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na yi masa godiya kamar wanda ya kawo mini saƙon goro. Na duba agogo na ga lokacin gadina ya yi. Muna da wani ɗaki cike da allunan kwamfuta, inda ake zaman gadin na'urar duk lokacin da take aiki. Na tafi na zauna a kujerata, na yi ta kallon layuka kore suna tafiya. Wadda ke kusa da ni ta miƙo mini biskit, na karɓa na ci. Ina ta jiran kuka ya zo, bai zo ba. Na ɗauka zai zo in na koma masauki, can ma bai zo ba, sai na wanke kwanonina.

Kowa a wajenmu ya san yadda abin yake tafiya. In ɓarayin dajin sun kama mutum, sukan ce ya faɗi lambar wayar da ya haddace, su kira, a fara magana. Wanda aka kira yana da mai rai. Wanda aka kawo masa gawa yana da kabarin da zai je ya tsaya. Mu ba mu sami ko ɗaya ba. Yaya kuwa lamba ɗaya tak ya haddace a duniya, ta matarsa. Ko tasa sai ya duba bayan wayar inda ya manna ta.

Da aka dawo da layin bayan wasu watanni, wayar matar Yaya ba ta kawo kiran da ake jira ba. Mutane suka fara gyaran murya. Inna, mahaifiyarmu, ta ce, "Sun kira lokacin da waya take a mace, ba su samu ba. Za su sake kira." Ba wanda ya iya ce mata ba haka ba ne, don ba wanda ya sani.

Daga nan wayar nan ta zama igiya a ƙafar matar Yaya. Ƙaramar waya ce baƙa, mai maɓallai, tana ƙulle ta a bakin zane. Da ita take daka, da ita take shiga banɗaki, a gefen sallaya take ajiye ta. In aka kai ta caji shago, Inna ba ta zama, sai ta yi ta leƙe har a dawo da ita. Na aiko musu da 'yar sola don a huta da wannan. Iyayen matar Yaya suna ƙauyen Babban Duhu, can kuwa sabis sai an hau tudu ana ɗaga hannu sama. Saboda haka ba ta kwana can. Aka yi bikin ƙanwarta, ta je ta dawo kafin la'asar. Inna ba ta taɓa hana ta da baki ba, kuma ban taɓa ganin surukan da ke zaman lafiya kamarsu ba. Inna takan dai tambaya ne, "Can akwai sabis kuwa?" Shi ke nan, an gama magana.

Ni kuma na ci gaba da aiki. Muna da wata ƙa'ida: wurin da muke zaton tagwayen za su ɓulla a cikin bayanan, rufe shi muke yi, ba mai leƙawa, sai an gama tsara komai an yarda da hanyar ƙirga. Don kada son zuciya ya sa mutum ya ga abin da yake so ya gani. Shekaru na yi ina gyara nawa ɓangaren. Ranar buɗewa aka taru, aka danna, zane ya fito. Ɗigon abin da aka gani ya hau daidai kan layin abin da ake tsammani ko babu tagwaye. Aka yi 'yar tafi ta ladabi. Wani tsohon malami da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a neman nan ya cire tabarau ya goge. Ni ban ji daɗi ba, ban ji ciwo ba. Abin da ya faɗo mini kawai shi ne yanzu ba mai tambayata ko an gani.

Da kakar da ta wuce Baffa ya kira ya ce lallai in zo. Na sauka Katsina, na shiga motar Safana, na isa ana ta ɓarar gyaɗa. Ban ma gama gaisawa da maƙwabta ba ya ja ni zaure. Ya ce shekarun jira da malamai ke faɗa sun cika. Liman ya ce shari'a ta ba yarinyar nan, matar Yaya, hanya: a je gaban alƙali, in ya gamsu an bincika an rasa, ta yi takaba, ta fita ta yi rayuwarta. Mahaifinta yana kwance ba lafiya, yana son 'yarsa kusa. Amma ita ta ce ba za ta taka ƙofar alƙali ba sai da yawun Inna. Inna kuma ta ce ba za ta ce uffan ba sai Auta ta zo, don Auta ce aikinta neman abin da ba a gani.

"Ke dai ki ce mata ya rasu," in ji Baffa. "Ki ce kin duba da na'urarku. Ke take ji."

Raina ya ɓaci, kuma na yi mamakin ashe har yanzu yana iya ɓaci. Na ce, "Haba Baffa! Boka aka mayar da ni? In buga ƙasa in ce na gani? Ku da kuke nan ba ku gani ba, sai ni da ke can uwa duniya?" Ya ce in rage murya, ba a kasuwa muke ba. Na ce a yi haƙuri, bakin mahauta ne, ba shi da kube. Ya girgiza kai ya ce, "Duk abin da za ki faɗa, ki dubi yarinyar nan tukuna kafin ki faɗa."

Na dube ta. Da can ni da ita ba ma haɗuwa sai mun tsokani juna. Takan ce mini Dakta marar allura, ni kuma in ce mata ta cinye mana kitsen gida. Yanzu na same ta a madafa tana tankaɗe, ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ta ce, "Dakta marar allura, sannu da hanya," amma muryar kamar ana karanta sanarwa. Na tsuguna ina taya ta. Na ce, kina ganin yana raye?

Ta ce, "Ban sani ba. Da nakan yi mafarkinsa, yanzu na daina. In wayar ta yi ƙara ma gabana ya daina faɗuwa. Masu talla ne, ko wanda ya yi kuskuren lamba." Ta karkaɗe rariya. "Ni ba aure nake nema ba, kada ki ɗauka haka. So nake in je in zauna gaban Baba, in kwana, in tashi, ba ina ɗaga hannu a kan tudu ba."

Na gane muryar nan sarai, don irin tawa ce.

Bayan la'asar Inna ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ta jawo kwandon gyaɗa ta ce in zo in taya ta. Baffa ya sami kujera 'yar tsugune ya zauna nesa kaɗan. Matar Yaya tana bakin madafa, ta ba mu baya, amma na san tana ji.

Inna ta ce, "Auta, abin nan da kuke nema, kun gan shi?"

"Ba mu gani ba, Inna."

"To babu shi ke nan?"

Baffa ya zubo mini ido. Na ce, "Mu a aikinmu ba ma cewa babu. Taswira muke zanawa. Duk inda muka duba da kyau ba mu gani ba, sai mu shafa masa launi, mu ce ba ya nan. Kullum wurin da ya rage yana ƙara tsukewa. Amma bai ƙare ba."

"In na'urar taku ta mutu na wani lokaci fa? Abin ya zo ya wuce tana mace?"

"Wannan lokacin ba ma cewa komai a kansa. Ba ma shafa masa launi."

Ta gyaɗa kai kamar wadda aka ba ta haƙƙinta. Baffa ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya kau da kai. Na san na ɓata masa shiri, na kuma san na ƙara ɗaure wadda ke bakin madafa. Amma bakina ya ƙi faɗin ɗayar maganar. Ba jarumta ba ce, ba kuma tsoron Allah kaɗai ba. Shekara da shekaru an koya mini kada in faɗi abin da ban auna ba, har ya zame mini jiki.

Muka ci gaba da ɓara. Can Inna ta ce, "To ke kullum kina zaune gaban abin kina jira? Ba kya barci? Ga shi kin taho nan, in ya zo ba kya nan fa?"

Na ce, "A'a, Inna, wa zai iya? Ai gadi ne, karɓar juna ake yi. Kujerar ba ta zama babu kowa, amma ba mutum ɗaya ke dawwama a kanta ba. In lokacinka ya cika wani ya zo, ka gaya masa abin da ka gani da wanda ba ka gani ba, ka tashi ka ba shi wuri. Wasu da suka fara zaman sun tsufa sun koma gida, wasu ma sun mutu. Yanzu haka da nake nan wani ne a kai." Na faɗi haka ne kawai don ta tambaya. Har na shiga ƙorafin wani abokin aikina da ba ya zuwa karɓa a kan lokaci.

Inna ba ta bi ta kan ƙorafina ba. Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta, ta kakkaɓe zane. Ta daɗe tana kallon bayan matar Yaya. Sannan ta kira ta, "'Yar nan, zo."

Ta zo ta durƙusa.

"Lambar nan da ya haddace, a jikin wayar take ko a ɗan abin da ake sawa ciki?"

"A layin take, Inna. Ana cirewa."

"In aka sa a tawa, suka kira, ni za su samu?"

"Ke za su samu."

Inna ta kwance tata wayar daga gefen zane ta miƙo mini. Ta ce, "Auta, idonki ya fi namu, canza." Matar Yaya ta kwance ƙullin nata. Wurin ya daɗe a ƙulle har yadin ya ɗauki siffar wayar. Na buɗe bayan wayoyin biyu da farce, na zare layukan biyu, na sa na matar Yaya a ta Inna, na kunna. Muka jira sandunan sabis suka hau. Na yi shi kamar dai ina canza waya a wurin aiki.

Inna ta dubi Baffa ta ce, "Ku je wurin alƙali ya faɗi abin da littafi ya ce. Ni ban ce ya mutu ba, kada wani ya ce na ce." Ta juya ga matar Yaya. "Ke kin yi naki zaman. Allah ya yi miki albarka. Ki tafi ki ga babanki, ki kwana."

Matar Yaya ta kifa kai a gwiwar Inna, kafaɗunta suna rawa, ba sauti. Inna ta dafa ta da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana ƙulle wayar a bakin zane. Baffa ya tashi ya ce bari ya je masallaci, alhali da sauran lokaci kafin magariba. Ni na ci gaba da ɓarar gyaɗa don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

An je wurin alƙali bayan na tafi. Matar Yaya ta yi takabarta, yanzu tana Babban Duhu, ta yi sabon layi. Takan turo mini saƙo in ta hau tudu, ta ce Dakta marar allura, ya sanyi. Na'urarmu kuwa ana shirin ƙara mata ƙarfi, kuma na sa sunana cikin masu ci gaba da neman. Wani ɗalibi ya tambaye ni ko har yanzu na yarda tagwayen suna nan. Na ce masa ban sani ba, amma akwai wurin da ba mu shafa wa launi ba.

Tsohon layin Inna yana cikin jakata, na manta ban mayar mata ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. In zan kira ta yanzu, lambar da Yaya ya haddace nake bugawa. Ba ta bari ta yi ƙara sau biyu. Takan ɗauka da sauri, ta yi sallama da wata murya da ba tawa aka tanadar wa ba. In na ce ni ce, Inna, sai ta ce, "Af, Auta." Ta tambayi lafiyata, in tambayi tata, in fara ba ta labarin sanyi ko na aiki. Ba na kai ƙarshen labarin.

"To madalla," takan ce. "Kashe haka, Auta, kada a kira a ji layin a cike."